Iska nawa zan sa wa tayar Toyota 86 don zirga-zirgar yau da kullum?

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya. Ya sayi Toyota 86 ƙirar 2017 da aka shigo da ita daga Amurka, tana kan tayoyinta na asali, 215/45R17. Da ita yake zuwa aiki kullum a cikin gari, wani lokaci ya hau babbar hanya. A jikin tayar ya ga an rubuta 51 psi (ma'aunin matsin iskar taya ke nan), mai facinsa yana sa masa 45, wani abokinsa kuma ya ce ya rage zuwa 28 don motar ta fi kama ƙasa, ta kuma daina dukansa a baya. Yana so ya san wanda zai bi.

Ɗan'uwa, kada ka bi ko ɗaya daga cikin ukun. Buɗe ƙofar direba, ka duba jikin ginshiƙin da ƙofar take rufewa a kai. Akwai sitika a nan mai ɗauke da girman taya da iskar da kamfanin motar ya ƙayyade. A Toyota 86 mai tayar 215/45R17 lambar ita ce 35 psi gaba da baya, wato 240 kPa, ko bar 2.4 idan gejinka da bar yake ƙirga. Wannan ita ce iskarka, amma da sharaɗi guda wanda rabin matsalar mutane daga wajensa take: a auna ta lokacin da tayar take sanyi.

Mu fara kawar da 51 ɗin. Kamfanin da ya yi tayar ne ya rubuta ta, kuma bai san motar da za a ɗaura wa tayar ba. Taya iri ɗaya tana iya hawa kan motoci goma masu nauyi daban-daban. Abin da yake gaya maka kawai shi ne iyakar iskar da aka yarda a sa mata tana sanyi. Shi kuwa mai ƙera motar ya san nauyin da ke kan kowace taya, ya gwada birki da kwana da gudu a kan wannan tayar, sannan ya fitar da lambarsa. Shi ya sa lambobin suke bambanta ko a tsakanin motocin gudu. Mazda MX-5 ta yanzu, da yake ba ta da nauyi, 29 take sha gaba da baya. Corvette ƙirar C6 tana kan 30. Porsche 911 ƙirar 996 mai wili inci 18 kuwa 36 ce a gaba, 44 a baya, saboda injinta a can ƙarshen baya yake zaune. Wanda ya ce maka "motar gudu kaza take sha" bai duba sitikar motarka ba.

Taya mai sanyi ita ce wadda motar ta yi aƙalla awa 3 a ajiye, ba a cikin rana ba, ko wadda ba ta yi tafiyar da ta wuce kilomita ɗaya da rabi ba. Dalilin wannan sharaɗi shi ne iska tana ƙara matsi idan ta yi zafi. Kusan duk digiri 6 da zafi ya ƙaru, gejin zai nuna ƙarin psi 1. Taya da ka sa wa 35 da asuba, idan ka yi tafiyar minti 30 a kan kwalta da rana tsaka, za ka iya samun ta a 39 ko 40. Wannan ba laifi ba ne, masu ƙera motar sun sa shi cikin lissafi. Kuskuren da ake yawan yi shi ne mutum ya tsaya wurin mai faci da azahar bayan doguwar tafiya, a auna a ga 40, a ce ta yi yawa, a sace mata iska zuwa 35. Washegari da safe tayar nan tana 30 ko 31, mai motar kuma hankalinsa kwance, yana ganin jiya-jiya aka daidaita masa. Kada ka taɓa rage wa taya mai zafi iska. Idan dole ce ta sa ka ƙara iska a tsakiyar tafiya, ka kai ta psi 4 sama da lambar sitika, sannan ka sake aunawa da safe ka gyara.

Lissafin nan yana aiki a kan yanayin shekara ma. Ka ɗauka ka daidaita tayoyinka a 35 cikin watan Oktoba, a ranar da zafi yake digiri 35 a inuwa. Watan Janairu ya zo, hunturi ya kankama, da asuba ana digiri 13. Sanyin kaɗai ya ci maka psi 3 da rabi. Lafiyayyar taya kuma, ko babu ƙusa a jikinta, tana yoyon kusan psi 1 a wata ta cikin robar kanta. Sai ka wayi gari a 28 ko 29 ba tare da ka taka komai ba. Don haka shigowar hunturi da shigowar bazara lokuta ne biyu da ya kamata ka sake daidaita iska ko da ba ka ga wata alama ba.

Yanzu maganar abokinka, kuma a nan zan daɗe, domin ita ce ta fi haɗari. Shawarar tasa tana da asali. Masu shiga filin tsere suna rage iska kafin su fara, saboda birki mai ƙarfi da kwana a guje suna dafa tayar har matsinta ya hau da psi 8 ko fiye cikin ɗan zagaye kaɗan. Suna farawa da 28 ne don su ƙare a wajen 36 tayar tana zafi. Kai da kake bin go-slow ɗin cikin gari kana tsayawa a kowace danja, tayarka ba za ta taɓa yin wannan zafin ta hanyar da suke nufi ba. Za ta zauna ne a ƙasa da ƙa'ida duk yini.

Abin da yake faruwa a cikin taya mai ƙarancin iska shi ne, duk juyi ɗaya da ta yi, bangonta yana lotsawa idan ya zo ƙasa, ya miƙe idan ya tashi. A gudun kilomita 120 cikin awa, tayar wannan girman tana juyawa kusan sau 17 a daƙiƙa guda. Ka ɗauki waya ka yi ta lanƙwasa ta gaba da baya, za ka ji ta yi zafi a hannunka kafin ta karye. Haka robar taya da wayoyin ƙarfen da ke cikinta suke yi. Zafin yana raunana haɗin da ke tsakanin roba da waya, musamman a kafaɗar tayar, har wata rana zanen ya ɓare ko tayar ta fashe a guje. Kuma ɓarnar ba ta warkewa idan ka dawo ka cika iska daga baya, tana nan a ciki inda ido ba ya gani.

Duniyar motoci ta koyi wannan darasi da tsada. A watan Agusta na shekarar 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi kusan miliyan 6.5 a Amurka, yawancinsu a kan Ford Explorer, bayan zanen tayoyin ya riƙa ɓarewa a guje, motoci suna kifewa, mutane suna mutuwa. Akwai aibin ƙira a tayoyin, amma iska ma ta shiga rigimar: Ford ya ƙayyade 26 psi, Firestone kuma ya ce 30 ta fi dacewa. Abin lura gare mu shi ne a wuraren zafi matsalar ta fi bayyana, har Ford ya fara canza wa mutane tayoyin a Saudiyya tun 1999. Wanda yake tuƙi a inda kwalta take ƙona tafin ƙafa a watan Afrilu ba shi da rarar da zai yi wasa da ƙarancin iska.

Ga kuma ramuka. Lambar 45 da ke cikin 215/45R17 tana nufin tsayin bangon tayar kashi 45 ne cikin ɗari na faɗinta, wato wajen milimita 97. Tayar Corolla mai 195/65R15 tana da kusan milimita 127. Santimita 3 ke nan na bambanci, kuma wannan ɗan bangon da iskar da ke cikinsa su ne kaɗai tsakanin wilinka da bakin rami. Idan iska ta yi ƙasa ka faɗa rami mai kaifin baki, tayar tana matsewa har bakin wili ya datse bangonta. Zaren da ke ciki ya tsinke, bayan kwana biyu ka ga ƙulli kamar ƙwai ya fito a gefe. Tayar da ta yi ƙulli ta gama aiki, babu facin da yake gyara ta. Sau da yawa wilin ma yana lanƙwashewa ta ciki, inda ba ka gani sai an ɗaga motar, daga nan sitiyari ya fara rawa, iska ta fara zurarewa a hankali.

Kamun ƙasar da abokinka yake nema ma ba zai samu ba. A 28 za ka juya sitiyari ka ji motar ta ɗan yi jinkiri kafin ta amsa, saboda sai bangon ya gama lanƙwasawa tukuna. A kwana tayar gaba ta waje tana kwantawa kan kafaɗarta. Da damina kuma abin ya fi muni, domin tsakiyar zanen ba ya danne kwalta sosai, ruwa yana saurin shiga ƙarƙashinsa ya ɗaga tayar, motar ta fara iyo a gudun da bai kai wanda za ta fara ba da a ce iskarta 35 psi ce. Mai ma yana ƙaruwa, ko da yake wannan shi ne mafi sauƙi a cikin asarar.

Babban abin da yake yaudarar masu irin wannan mota shi ne gajeren bango ba ya nuna ƙarancin iska. Tayar babbar mota idan ta rasa psi 10 za ka ga cikinta ya zubo. Taka tana iya sauka daga 35 zuwa 24 ka zagaya motar ka ga komai daidai. Dukan taya da ƙafa ko danna ta da yatsa ba awo ba ne.

Sai 45 ɗin mai faci. Ba zai fasa tayar ba, tana da ƙarfin ɗaukar fiye da haka. Amma yana lalata abin da ka sayi motar dominsa. Motarka tana da nauyin kusan kilo 1,250, kuma wurin da kowace taya take taɓa ƙasa bai fi tafin hannu ba sosai. Ƙarin iska yana rage wannan wurin, yana kuma mayar da tayar kamar ƙwallo mai tauri. A kan kwalta mai gargada, maimakon ta bi ƙasa sai ta riƙa tsalle, kuma tayar da take sama ba ta birki ba ta kwana. Toyota 86 da tayoyin baya take tafiya, kuma da gangan aka ba ta siraran tayoyi don bayanta ya zama mai sauƙin zamewa. Ka haɗa wannan da 45 psi, da ɗan yashi a kan kwalta ko ruwan farkon damina, ka taka totur a fitowa daga shataletale, za ka ji bayan ya kwashe tun kafin ka shirya. Dukan bayan da kake kuka da shi ma ina da yaƙinin yawancinsa daga nan yake. Ka sauko daga 45 zuwa 35 ka yi mako guda kafin ka yanke hukunci a kan taurin motar.

Akwai ɗan filin da za ka motsa a ciki, amma ƙanƙane ne, kuma ya fi faɗi ta sama. Idan za ka yi doguwar tafiya da gudu, da mutane da kaya a but, ko hanyarka ta kullum ramuka ne, ƙarin psi 2 zuwa 3 yana da amfani: 37 ko 38 tana rage zafin taya, tana kuma kare wili. Ta ƙasa kuwa, ni ban ba ka shawarar sauka daga 35 ba a yanayinmu. Wasu motocin, kamar sabbin Porsche 911, kamfanin da kansa yana ba da iska ta biyu mai laushi, amma yana haɗa ta da iyakar gudu, kuma ya gwada ta. Toyota bai ba da irin wannan a sitikar motarka ba. Idan 35 ta yi maka tauri, maganin yana wajen irin tayar da za ka saya nan gaba ko shakazoba, ba wajen sace iska ba.

Kada ka yi wasa da bambancin gaba da baya. Idan sitika ta ce daidai suke, bar su daidai. Idan ta ce baya ya fi, kamar a 911, ka riƙe tazarar ko da ka ƙara musu duka. Hagu da dama kuwa dole su zo ɗaya, kuma a motarka wannan ya fi muhimmanci a baya. Tana da difaranshal irin na Torsen wanda yake ɗaure tayoyin baya biyu su yi aiki tare. Idan ɗaya ta gaza ɗaya da psi 4 ko 5, za ka ji motar tana ja gefe guda idan ka taka totur, ta koma ɗaya gefen idan ka ɗaga ƙafa. Mutane suna kashe kuɗin alaimen a kan wannan, alhali geji ne maganinsa.

Ka sayi gejinka na kanka. Wannan shi ne kuɗi mafi amfani da za ka kashe a kan tayoyin nan. Gejin mai faci yana shan faɗuwa a ƙasa da ƙura da rana, yana auna tayar Keke da ta tirela, kuma ba mamaki ya kauce da psi 4 ko 5 ba tare da mai shi ya sani ba. Ka nemi na dijital, ko mai agogo wanda ya tsaya a 60 psi, domin irin wannan ya fi faɗin gaskiya a tsakiyar ma'auninsa. Mai zuwa 160 na manyan motoci ne. Ka ajiye shi a aljihun mota cikin gidansa. Idan da hali ka haɗa da ƙaramin famfo mai aiki da wutar mota, ka bar injin a kunne lokacin da kake amfani da shi don kada ya shanye batir.

Da safe kafin rana ta bugi motar, domin gefen da yake rana yana iya fin na inuwa da psi 1 ko 2, ka cire murfin bawul, ka danna gejin a miƙe da ƙarfi har ƙarar fitar iska ta ɗauke. Idan kana jin "fsss" awon bai yi ba, sake. Ka auna kowace sau biyu. Idan ba ka da famfo, hanya mafi sauƙi ita ce da yamma ka sa mai faci ya kai maka su 40, ka kwana, da safe ka riƙa danna ƙwayar bawul kaɗan-kaɗan kana aunawa har kowace ta sauko 35 daidai. Rage iska a gida ya fi neman ta sauƙi. Ka mayar da murfin bawul, shi yake hana ƙura shiga ta hana ƙwayar rufewa. Ka riƙa yin haka duk mako biyu, da kuma kafin kowace doguwar tafiya.

Da yake motar ta Amurka ce, tana da na'urar TPMS mai lura da iskar taya, wadda doka ta wajabta a can ga sabbin motoci tun Satumbar 2007 sakamakon waccan rigima ta Firestone. Ita ce fitilar nan mai ruwan ɗorawa a dashbod, mai kama da tukunya da alamar motsin rai a ciki. Kada ka dogara da ita wajen daidaita iska. Dokar ta ce ta kunna ne idan taya ta gaza ƙa'ida da kashi 25 cikin ɗari, wato a motarka sai ta kai wajen 26. Kana iya yin wata uku a 28 fitilar ba ta ce komai ba. Idan ta kunna da asuba ta mutu bayan ka ɗan yi tafiya, alama ce kana bakin iyaka, zafi ne ya ɗaga ta. Idan kuma tana ƙyaftawa na kusan minti ɗaya bayan ka tayar da mota sannan ta tsaya a kunne, matsalar na'urar ce, galibi batirin ɗaya daga cikin sensocin da suke auna iskar tayoyin ya mutu, abin da ba mamaki ga motar 2017. Sensocin a gindin bawul suke ta cikin wili, don haka ka gaya wa mai faci kafin ya sa ƙarfe ya ɓalle taya, in ba haka ba zai karya su.

Tayar da kanta za ta gaya maka ko iskar da kake sa mata ta dace, idan ka iya karanta ta. Duk bayan kilomita 5,000 ka auna zurfin zanen a wuri uku: ta ciki, tsakiya, da ta waje. Idan kafaɗu biyu sun fi tsakiya cinyewa, iska tana yin ƙasa. Idan tsakiya ce ta riga su, ta yi yawa. Idan gefen ciki ne kaɗai ya cinye, wannan ba maganar iska ba ce, alaimen ne, kuma a motoci masu ƙasa-ƙasa irin taka yana ɓuya, sai ka karya sitiyari har ƙarshe ka leƙa, ko ka durƙusa ka shafa ta baya da hannu. Doka a ƙasashe da yawa tana tsayawa a milimita 1.6, daidai tsayin 'yan tudun da ke cikin ramin zanen, amma ga mota mai jan baya da za ta shiga damina, milimita 3 ne lokacin fara neman sabuwa.

Lambar sitika tana aiki ne ga girman taya da aka rubuta a sitikar. Idan ka koma wili inci 18, ka duba lambar ɗaukar nauyi da take bin girman. Tayar asali tana da 87, wato kilo 545 kowace ɗaya, kada sabuwar ta gaza haka. Idan ka ga XL a jikinta, wato taya mai ƙarin ƙarfin ɗaukar nauyi, ka sani irin wannan tayar sai a wajen 42 psi take kai cikakken nauyin da aka rubuta mata, ita kuwa ta gama-gari a wajen 36. Wannan ba ya nufin ka sa 42. Yana nufin a duba teburin nauyi da iska na kamfanin tayar, a nemo iskar da za ta ba sabuwar ƙarfin ɗaukar abin da tsohuwar take ɗauka a 35. Sau da yawa amsar tana fitowa daidai da 35 ko sama da ita kaɗan.

Naitirojin da wasu shaguna suke sayarwa bai canza komai a lissafin nan ba. Iskar da muke shaƙa ma kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce. Amfaninsa na gaske shi ne ba shi da danshi. Za ka samu kusan haka idan mai facinka yana zubar da ruwan da yake taruwa a tankin injinsa. Ka sa ya fesa iskar a tafin hannunsa ka gani, idan ta jiƙa hannun ka nemi wani wuri, domin danshi a cikin taya yana sa matsi ya riƙa hawa da sauka fiye da kima, yana kuma cin wili da sensa.

Idan taya ɗaya tana rasa fiye da psi 2 a mako alhali sauran suna nan, yoyo take yi. Ka haɗa ruwan sabulu ka shafa a bakin bawul, da gindinsa, da duk zagayen inda taya ta haɗu da wili ciki da waje, ka jira kumfa. Idan ƙusa ce a tsakiyar zane, a cire tayar a yi facin ta ciki. Idan a kafaɗa ko bango take, a canza ta.

Safayar da ke ƙarƙashin but siririya ce ta wucin gadi, kuma 60 psi take sha, ba 35 ba. Ita ce aka fi mantawa da ita, har ranar da za a buƙace ta a same ta a 20. Ka riƙa auna ta duk wata biyu ko uku, kuma idan ka ɗaura ta kada ka wuce gudun kilomita 80 cikin awa. Idan tayar baya ce ta yi faci, ka ciro lafiyayya daga gaba ka mayar baya, ka sa safayar a gaba, don kada bambancin girma ya wahalar da difaranshal ɗin.